Kududdufi Rumbun Ruwa Ne, Ba Juji Ba: Jawabin Baƙo Mai Jawabi a Taron Shekara



Maganata a yau a kan kududdufan garinmu take, waɗanda muke cikewa da shara, mu yanka filaye, mu sayar.

Kakanninmu sun haƙa waɗannan ramuka ne don ɗibar ƙasar gini, sai suka zama matattarar ruwan damina. A ƙasarmu mafi yawan ruwan sama yana sauka ne daga watan Yuni zuwa Satumba, sauran watanni kuwa rani ne. Ruwan da ya kwanta a kududdufi yakan tsuma cikin ƙasa sannu a hankali, shi ne kuma ke ciyar da rijiyoyin unguwa. Idan aka cike ramin, asara biyu ake yi: da damina ruwa ya rasa masauki ya afka gidaje, da bazara kuma rijiya ta ƙafe.

Ina yaro aka yi farin 1973, ina ƙaramin malami aka yi na 1984. A wancan na biyun, da ruwan kududdufin bayan makaranta ni da ɗalibaina muka raya lambun albasa da tumatir da alayyafo har tsakiyar rani. Yau shaguna ne a wurin. Ambaliyar 2022, wadda ta rushe gidaje a Jigawa da wasu jihohi, ta isa ta nuna mana cewa ruwa ba ya manta hanyarsa.

Ku dubi madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina zamanin Gwamna Audu Bako, aka kammala a 1974. Da ruwanta manoman Kura da Kadawa ke noman rani na shinkafa da alkama da tumatir. Hikimar ɗaya ce da ta kududdufi: a tare ruwa lokacin yalwa, a ci moriyarsa lokacin rashi. Bambancin girma ne kawai.

Na san za a ce kududdufi na haifar da sauro, yara kuma na faɗawa. Gaskiya ne. Amma maganin wannan shi ne a yashe shi, a hana zuba shara da ruwan kwata, a kewaye shi da shinge, a zuba kifi irin su karfasa da tarwaɗa, domin kifi na rage tsutsar sauro.

'Ya'yana mazauna birni, ku gafarce ni: yawancin masu sayen waɗannan filaye daga cikinku suke. Saboda haka ina roƙon abu uku. Kada ɗan wannan ƙungiya ya sake sayen filin kududdufi. A nemi Hakimi da ƙaramar hukuma su shata iyakar waɗanda suka rage, a rubuta. Sannan a ware wani kaso na gudummawar bana a yashe guda ɗaya kafin ruwa ya sauka, a dasa itatuwa a gefensa, a ba matasa su yi lambu.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya mai da kowa gidansa lafiya.