Yadda A Ke Gane Hurumi Ya Gaji

Maganarmu ta yau a kan hurumi ce, watau filin da gari ya keɓe domin kiwo. Kowa ya san yadda a ke gane saniya ba ta da lafiya: gashinta ya tashi, ta daina tuƙa, ta koma bayan garke. To, hurumi ma yana ciwo, yana kuwa nuna alama tun da wuri. Abin da mu ke so shi ne kowannenmu ya iya ganin alamar nan, tun shanu ba su rame ba.

Alama ta fari ita ce irin ciyawar da ke tsirowa. Hurumi mai lafiya za ku tarar da gamba a cikinsa, da kyasuwa, da harkiya. Gamba ita ce babba, gama saiwarta ba ta mutuwa da rani. Ruwan fari na sauka sai ta toho, dabbobi su sami ɗanye tun sauran ciyayi ba su fito ba. Amma da ya ke shanu sun fi son ta, ita su ke fara cinyewa. In aka yi ta kiwo a kanta shekara da shekaru ba hutu, sai saiwar ta gaji ta mutu. Sa'an nan ƙarangiya ta maye wurin. Ita dabba na cin ta tana ɗanya, amma ciyawar damina ɗaya ce. Bayanta sai tafasa da garmani da tumfafiya, waɗanda shanu ba su damu da su ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Saboda haka kada kore ya ruɗe ku. Fili yana iya yin shar da tafasa, saniya kuwa na tsaye a ciki da yunwa.

Alama ta biyu ita ce ƙasar kanta. Inda ba ciyawa, ruwan sama yakan bugi ƙasa tsirara, ta daskare ta zama faƙo. Ruwa ba ya shiga faƙo, sai ya bi ta kai ya wuce, ya kwashe ƙasa mai kyau. 'Yar hanyar ruwa ta bana ita ce kwazazzabo nan gaba. Ku duba gindin sabara. In kun ga saiwoyi a waje, to, iyakar abin da ya bayyana shi ne zurfin ƙasar da ta tafi.

Ga yadda za mu auna. Da kaka, mutum uku su fita tare: manomi ɗaya, mai shanu ɗaya, da wakilin mai gari. Su tsaya gindin wani itace sananne, su miƙe sosai taku 100. Kowane taku su duba abin da babban yatsa ya taɓa. In ciyawa ce mai amfani, a sa tsakuwa a aljihun dama. In tafasa ce ko irinta, a sa a na hagu. In ƙasa ce tsirara, a sa a ƙoƙo. A ƙarshe a ƙirga, a ajiye lissafin wurin mai gari. Baɗi war haka a sake bin hanyar nan. In na dama sun ragu, na ƙoƙo sun ƙaru, hurumi ya gaji ke nan, ba sauran gardama. Malaman daji ma haka su ke yi, sai dai su da igiyar awo da takarda.

Ku lura da wannan kuma. Saniya mai nauyin kilo 250 tana bukatar busasshiyar ciyawa kilo 6 da ɗan ɗori kowace rana. A shekara ya haura kilo 2,000. Ba kuwa dukan abin da ya tsiro ke shiga bakinta ba. Gara na ci, kofato na tattakewa, dole kuma a bar saura ya rufe ƙasa.

To, mene ne magani? Na ɗaya, hutu. A raba hurumi kashi uku, kowace damina a hana kiwo a kashi ɗaya, sai ciyawa ta zubar da iri. Na biyu, a kiyayi wuta. Wutar tsakiyar rani takan cinye abincin watanni cikin yini guda. A share hanyar tsare wuta tun da kaka. Na uku, itatuwa. Gawo yana da ganye da 'ya'ya da rani, lokacin da ciyawa ta ƙare. A sassare masa reshe kaɗan, kada a yi masa aski. A ƙasar Maraɗi, tun wajen 1983, manoma su ka riƙa barin tohon kututture su na gyara shi, har itatuwa su ka komo gonaki da yawa. Na huɗu, faƙo. Mutanen Tawa, bayan farin 1984, sun yi ta haƙa ramuka masu siffar rabin wata, bakinsu na duban tudu, wajen 300 a hekta guda. Ruwa ya tsaya a ciki, a watsa irin ciyawa, faƙo ya farfaɗo.

A 1965 Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo. Amma doka ba ta tsiro da gamba, mu ne za mu tsare ta. In hurumi ya mutu, shanu ba su da wurin zuwa sai gona, daga nan sai ɓarna, sai shari'a, wani lokaci har jini. Saboda haka maganar nan ta manomi ce kamar yadda ta ke ta mai shanu. Kakar bana ku gaya wa mai gari da arɗo, a fita a yi ƙirgen fari. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.