Matsalar Ratsawar Ruwa a Mahaɗar Guringuntsi Wajen Kwaikwayon Gaɓoɓi da Kwamfuta



Guringuntsin da ya lulluɓe kan ƙashin gwiwa kaurinsa milimita 2 zuwa 4 ne kawai, kuma kashi 65 zuwa 80 cikin ɗari na nauyinsa ruwa ne. Kamar soson wanka yake, in an danna ruwa ya fita, in an saki ya tsotso, sai dai ramukansa sun yi ƙanƙanta ƙwarai har ruwan ba ya samun fita da wuri. A wannan jinkirin amfanin yake. Soltz da Ateshian sun auna a 1998 cewa da zarar an ɗora nauyi, matsin ruwan da ke ciki ke ɗauke fiye da kashi 90 cikin ɗari. Muddin ruwa na ɗauke da kayan, gogayya kaɗan ce. In ya tsiyaye, tsoka ta gogi tsoka.

Lissafin abin ya daɗe da kafuwa. Henry Darcy ya fitar da dokar ratsawar ruwa cikin yashi a 1856 a Dijon ta Faransa, Maurice Biot ya faɗaɗa ta a 1941, sannan Van Mow da abokan aikinsa suka ɗora ta kan guringuntsi a 1980 da ra'in ɓangare biyu, wato tsoka da ruwa. A kwamfuta kuwa, gutsuttsura gaɓar ake yi zuwa dubban ƙananan yankuna, a lissafa motsi da matsin ruwa a kowace kusurwa. Cikin naman babu gardama sosai. Rigimar tana bakin iyaka, inda fuska biyu suka haɗu.

Yanayi uku ne. Inda guringuntsi ya taɓa ɗan'uwansa, dole matsin ruwa ya zama ɗaya a ɓangarorin biyu, kuma abin da ya fita daga wannan shi ya shiga wancan. Inda ya taɓa ƙarfe, kamar wanda aka sauya wa kan ƙashin cinya aka bar masa guringuntsin kwatangwalo, ruwa ba ya wucewa sam. Inda babu abin da ya taɓa shi, matsi sifiri ne, ruwa na fita yadda ya so. A takarda wannan mai sauƙi ne. Amma gwiwa lanƙwasawa take yi, wurin da yake rufe yanzu zai buɗe bayan rabin daƙiƙa, don haka dole manhaja ta riƙa sake tantance iyakar a kowane mataki. Ateshian da Maas da Weiss sun wallafa hanyar yin haka a 2010, tana cikin FEBio, manhajar kyauta ta Jami'ar Utah da Jami'ar Columbia a Amurka.

Ga dalilin da ya sa na nace a nan. Lokacin tsiyayewar ruwa, a ƙiyasi, shi ne tsawon hanyarsa sau kansa, a raba da taurin tsoka sau sauƙin ratsawa. Mu ɗauki tauri 0.5 MPa da ratsawa 0.001 mm⁴/N·s, adadin da aka saba gani. In an bar mahaɗar a buɗe, ruwa milimita 2 zai bi ya fita ta sama: daƙiƙa 8,000, awa biyu da 'yan mintoci. In an rufe ta, sai ya zagaya ta gefe, a ce milimita 10: daƙiƙa 200,000, sama da kwana biyu. Nama ɗaya, nauyi ɗaya, bambanci ninki 25. Mai bincike zai shafe watanni yana tace adadin tauri a ɗakin gwaji, sannan ya bar wannan zaɓi yadda ya tarar da shi a manhaja. Hotunan da manhajar ke fitarwa kuma masu launi ne ko ta yaya aka yi, shi ya sa kuskuren ba ya saurin tonuwa.

Akwai wani tarko kuma. Manhajar tana daidaita matsin ɓangarorin biyu ne da wani adadi mai tilastawa, wanda ake ninkawa da bambancin matsin a samu yawan ruwan da ya ƙetare. In adadin ya yi ƙasa, to an saka wata 'yar fata mai hana ruwa tsakanin guringuntsi biyu ba tare da niyya ba. In ya yi yawa, lissafin ya ƙi kammaluwa. Wanda yake son kwaikwayon fata mai rage ratsawa zai iya cin moriyar wannan, amma sai ya yi da gangan, ya kuma sami ma'auni daga gwaji na zahiri. In ba haka ake nufi ba, a bar manhaja ta maimaita gyara har bambancin matsin ya kusa ɓacewa.

Shawarata ga ɗalibai, kafin ku taɓa gwiwa sukutum, ku danna faifan guringuntsi biyu a kan juna, ku kwatanta da faifai ɗaya mai kaurin su biyun. In matsin ruwan bai zo ɗaya ba, mahaɗarku na da matsala. Ga masu duba takardu kuma ina roƙo: duk binciken da bai faɗi inda ruwa ke fita da inda aka toshe shi ba, da adadin tilastawar da aka sa, ku mayar wa marubucinsa ya cike.