Farfela Mai Sauƙi, da Motar da Ta Dace da Ita



Matasanmu masu sha'awar motocin tsere sun ɗau zancen sauya farfela, wato sandar ƙarfen nan da ke kai ƙarfin inji zuwa tayoyin baya, da ta alminiyam ko ta zaren kabon. Suna da hujja. Nauyin alminiyam kusan sulusin na ƙarfe ne, kuma abin da ke juyawa in ya yi sauƙi, inji ba ya wahalar murza shi. Da an taka totur, mota ta amsa. Ta kabon ko da ta karye, tarwatsewa take yi zare-zare, ba ta dukan cikin mota.

To amma kowane allazi da nasa amanu: ba ko'ina ne sauƙin nauyi ke kan gaba ba. A tashar jiragen ruwa ta Treichville, inda jiragen kamfanin SOTRA ke tsallakar da fasinja zuwa unguwar Plateau, sandar da ke juya farfelar jirgi cikin ruwa take kwana. Tun da aka gama haƙa mashigin Vridi a 1950, gishirin teku ke shiga tafkin Ébrié. Can, jure tsatsa ake nema kafin komai.

Gbaka, ƙaramar bas ɗin haya mai lodi a Adjamé kuwa, matsalarta daban ce: kuros, wato gaɓar farfela, ya bushe babu giris, farfela ta lanƙwashe, mota na karkarwa har kujerar baya, direba na cewa gobe.

Direbobi da masu motoci, don Allah ku kai wa makanike ya duba kuros ɗin yau. Farfela in ta tsinke a guje, tana iya kifar da mota cike da mutane.