Jawabi Kan Komawa Motsa Jiki Bayan Jinya



Wanda taifot ko zazzaɓin cizon sauro ya kwantar, ranar da ya miƙe yakan zaci ƙarfinsa na nan yadda ya bar shi. Ina! A 1966, a birnin Dallas na Amurka, likitoci suka kwantar da samari biyar 'yan shekara 20, lafiyarsu ƙalau, har mako uku. Da suka tashi, juriyarsu ta ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Bayan shekara 30 aka sake auna su, aka tarar shekarun nan ba su yi musu ɓarnar da kwanciyar ta yi ba. To, ina ga wanda ciwo ya shanye wa jini? Abin farin ciki, horon mako takwas ya mayar wa samarin ƙarfinsu.

Saboda haka kada ka ruga filin ƙwallo don abokai su ce ka warke. Fara da tafiyar minti goma da sanyin la'asar. In kana tafe kana iya hira, madalla. In haki ya hana ka magana, sassauta. In ka wayi gari da gajiyar jiya, huta, kada ka ƙara.

Muddin da sauran zazzaɓi, ko jiri, ko ciwon ƙirji, dakata ka ga likita. Zazzaɓin cizon sauro kuwa yakan kumbura saifa, karo ɗaya a fili yana iya fasa ta. Bari likita ya taɓa cikinka tukuna kafin ka ɗaura takalmin ƙwallo.