Raunin da Likita Ba Ya Gani: Shin Doka Za Ta Iya Hukunta Harshe?



A watan Yulin 2010 Faransa ta mayar da musguna wa abokin zama ta hanyar magana da cin mutunci laifi, wanda zai iya kai mutum kurkuku shekara 3 da tarar yuro 45,000. Ingila da Wales suka biyo baya da sashe na 76 na dokar manyan laifuka ta 2015, hukuncinta har shekara 5. A shekarar ce kuma Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan dokar hana cin zarafin mutane, wato VAPP, wadda sashe na 14 nata ya tanadi ɗaurin da bai wuce shekara 1 ba, ko tarar da ba ta wuce naira 200,000 ba, ko duka biyun.

Masu adawa da irin waɗannan dokoki suna da hujja, kuma ba na raina ta. Suna cewa tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. In kowace baƙar magana za ta kai mutum caji ofis, wane gida ne zai tsira? Suna kuma tambaya: ina shaida? Duka yana barin tabo, likita ya rubuta takarda. Zagi kuwa a ɗaka ake yinsa, bayan an rufe ƙofa.

Sai dai dokokin nan ba a kan faɗan rana ɗaya suke magana ba. Ta Ingila ta sharɗanta a riƙa maimaita abin har ya dagula wa mutum rayuwarsa ta yau da kullum. VAPP ma maimaicin wulaƙanci ta ambata. Ku dubi matar da miji ya ƙwace mata waya, ya hana ta gaishe da mahaifiyarta, yana kiranta juya a gaban kishiya, yana zagin ubanta yara suna ji, sannan ya yi wata biyu bai amsa gaisuwarta ba. Bai taɓa ɗaga mata hannu ba. In ta yi yaji, a gida a ce mata: "Tunda bai dake ki ba, ki yi haƙuri ki koma." Wannan matar tana ramewa, barci ya ƙaurace mata, amma a idon dangi ba a yi mata komai ba.

Wai baƙon tunani ne daga Turai? Malaman Malikiyya da kotunanmu na shari'a suke bi sun daɗe da lissafa zagin mace, zagin mahaifinta da ƙaurace mata ba dalili a cikin cutarwar da alƙali zai iya raba aure a kanta. Haka yake a sharhin Dardiri a kan Mukhtasar Khalil. Abin da ya rage mana muhawara a kai shi ne ko raba aure kaɗai ya isa, tunda sau da yawa ita ce ke fita da yara ba ko sisi, shi kuma ya nemi wata ya ci gaba.

Ra'ayina shi ne bai isa ba. A hukunta, amma a rubuta dokar da iyaka bayyananniya: maimaici, da cutarwar da ta tabbata, ta kuma kare miji kamar yadda ta kare mata, domin akwai mazan da gori ya hana su sakewa a gidajensu. Kotu ta karɓi saƙonnin waya, muryar da aka naɗa, da shaidar maƙwabta.

'Yan majalisa, ku zauna da alƙalai da malaman fiƙihu ku fitar mana da wannan iyaka. Iyaye kuma, in 'yarku ta zo da kuka, ku saurare ta kafin ku mayar da ita.