Sadaka Ba Ta Son Girman Kai: Jawabi Ga 'Yan Ƙungiya A Zuba

An ce in yi magana a kan asusun taimakon marayu da marasa lafiya, ni kuwa sai na ga bari in biyo ta kan keke.

A watan Yuli na shekarar 2017, wasu Musulmi suka tashi daga Landan a kan kekuna suka nufi Madina, don su tara kuɗin magani ga mutanen Siriya da yaƙi ya ɗaiɗaita. Suka ratsa Faransa da Italiya da Girka, suka yi kusan mako 6 a hanya. To jama'a, mutumin da ke zaune a Ingila bai rasa kuɗin jirgi ba. Da ya so, sai ya aika da gudummawarsa yana kwance a ɗaki. Me ya kai shi wahala?

Amsar tana wurin duk wanda ya taɓa tuƙa keke daga nan zuwa Gwagwalada da rana tsaka. Keke bai san alhaji ba, bai san yaron shago ba. In an zo hawa, kowa sunkuyar da kai yake yi. In taya ta yi faci, mai miliyan ma sai ya tsaya jiran mai faci. In ƙishirwa ta kama ka, yarinya mai tallan ruwa ta fi ka arziki a wannan sa'a. Wato wanda ya fito don ya bayar, kafin ya isa sai ya wayi gari shi ne mabuƙaci. Nan ne girman kai ke karyewa, mutum ya samu sararin yin tunani.

Ga wani misalin daga nan Afirka ta Yamma. A 2023 wani matashi ɗan ƙasar Gini, Mamadou Safayou Barry, ya hau keke yana neman zuwa karatu Jami'ar Azhar. Ya bi ta Mali da Burkina Faso da Togo da Benin da Nijar har Chadi, wajen kilomita 4,000, an tsare shi a hanya har sau 3. A Chadi bayin Allah suka biya masa kuɗin jirgi zuwa Alƙahira, Azhar kuma ta ɗauki nauyin karatunsa. Ku lura, ƙafarsa ta yi iyakar ƙoƙarinta, amma alherin waɗanda bai sani ba ne ya ƙarasa da shi.

Mu ma ai haka muka zo garin nan. Wani daga Kano, wani Katsina, wani Sakkwato, da 'yar jaka a hannu. Wani ya ba mu wurin kwana, wani ya ba mu bashin kwandon lemo a kasuwar kayan marmari muka fara juyawa. Yau Allah ya buɗa, sai ga shi in za mu ba maraya buhun shinkafa sai an kira sunanmu a lasifika, an tsayar da uwarsa gaban jama'a ana ɗaukar hoto. Wallahi akwai matan da sun gwammace su kwana da yunwa da su zo a yi musu wannan tonon silili. Aya ta 264 a Suratul Baƙara kuwa ta gargaɗe mu cewa gori da cutarwa suna lalata sadaka.

Ban ce dattawa su hau keke zuwa Makka ba, gwiwa ba za ta yarda ba. Shawarata uku ce. Na ɗaya, a daina kiran suna da adadi a taro, ma'aji ya rubuta a littafi kawai. Na biyu, a daina tara masu karɓa, mu ne za mu taka da ƙafarmu mu je gidajensu bayan magariba. Na uku, kowane mai hali ya riƙa duba mara lafiya ɗaya da kansa duk wata, kada ya aiki direba.

Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Mai bayarwa yau, gobe yana iya zama mai karɓa. Allah ya karɓi ɗan abin da muke yi, ya raba mu da riya.