Sharhi: Dabarar Riƙe Ƙamshin Man Tsirrai

Duk wanda ya taɓa barin kwalbar man kanumfari a buɗe ya san kafin a jima ƙamshin ya bi iska. Wannan shi ne raunin mayukan da ake tatsowa daga tsirrai. Suna hana fumfuna da ƙwayoyin cuta yaɗuwa, wasunsu na korar sauro, amma zafi da haske da iska suna cinye ƙarfinsu da wuri.

A shekarar 1992 masu bincike na kamfanin Mobil a Amurka suka fito da wani garin silika mai suna MCM-41, cike da ramuka masu faɗin 'yan nanomita kaɗan. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Idan aka jiƙa irin wannan gari da man tsirrai, sai ya shige ramukan ya lafe, ya riƙa fita kaɗan-kaɗan kamar yadda randa ke tsatsafo ruwa.

Yanzu masana na gwada dabarar a ledar kunsa abinci da maganin ƙwarin hatsi. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka rage shi ne farashi, domin sai kayan sun yi araha za su kai ga rumbun manomi.